Zanzaro Ya Raba Ni da Bindigar Fentina

Jama'a, yau na ga abin da ya hana ni cin tuwon rana!

Kun tuna ƙaramar bindigar fesa fentin da nake zanen ƙore da ita? Ta daina fesawa. Na kwance ta, na jiƙa bakin a tina, ruwan narkar da fenti, na goge allurar, amma ko tari ba ta yi ba! Haushi ya sa na bai wa taubashina Bello kyauta, har da tiyon iskarta.

Yau na taso daga Gwandu zuwa Kalgo gaishe da Kawu, mahaifinsa. Ina shiga zaure na tsaya cak! Ƙore ne jere a bango, da zanen shanun Fulani a jikinsu kamar su yi motsi. Ga Bello zaune, bindigata na ta fesawa!

Na ce, "Wa ya gyara ma ita?"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Lafiyarta lau! Zanzaro ya yi gini cikin tiyon da ka rataye ga taga. Tsinken tsintsiya na sa, laka ta zubo."

Tsinken tsintsiya, jama'a!

Na ce to ya ara mini. Ya ce, "Taubashi, kyauta ba ta komawa gida."

Sai ga Kawu ya shigo, ya dafa kafaɗata. "Ka ga hannun ɗan'uwanka? Ka riƙa zuwa yana koya maka."

Ni fa na koya wa Bello riƙe buroshi!