Shekarar da Baba Ya Yi Binne

Ranar wata kasuwar Jibiya ce, a ƙarshen bazarar shekarar da na shiga aji biyar na firamare. Da hantsi ina taya Inna shanya a tsakar gidanmu na Daddara, sai ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu tana kallon igiya. Tun bayan kaka iska daga arewa maso gabas take zuwar mana, ta wajen Nijar, busasshiya, kafin ka juya wanki ya bushe. Ran nan kuwa zannuwan sun karkata ɗaya gefen. Iskar ta fito daga kudu maso yamma, mai nauyi, tana liƙe wa mutum riga a jiki. Inna ta ɗaga murya ta ce, "Malam, taho ka gani, ta juya."

Baba ya fito daga zaure, ya ɗebi ƙasa ya watsa sama, ya bi ta da kallo. Da la'asar ya hau rumbu ya sauko da geron da muke ɓoye don iri. Daminar baya ba ta yi kyau ba, abin da ya rage bai wuce na shuka ɗaya ba. Ya ce zai yi binne, wato a shuka a busasshiyar ƙasa, iri ya kwanta yana jiran ruwan farko. Inna ta ce, "In iskar ta koma fa?" Ya ce, "In ta tsaya fa, ruwa ya iske mu zaune?"

Washegari muka ɗunguma gona. Baba na gaba yana sara da sungumi, ni da ƙannena muna biye, mu jefa iri mu rufe da diddige, rairayi na gasa mana tafin ƙafa. Da rana ta take sai guguwa ta tashi a tsakiyar fili, ta kwashi karmami tana juyi. Mukan watsar da ƙorai mu bi ta a guje, in ta nufo mu kuma mu tsere muna bisimilla, don an ce mana ba ita kaɗai take tafe ba.

Ba a daɗe ba abin da Inna ta ji tsoro ya faru. Aka yi ɗan yayyafin da bai ratsa ƙasa ba, sannan iskar arewa ta dawo da zafinta. Kurciyoyi da zabi suka sauka a gonar suna tono. Kullum kafin makaranta sai na je korarsu da gwangwani, na iske Baba a tsugune yana tona rami da yatsa, yana duba ko irin ya lalace. Cin abincinsa ya ragu. Inna ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba, sai dai ta riƙa ƙara wa furarsa nono.

A cikin wannan zaman ne malaminmu, Malam Haruna, ya yi mana darasin iska. Ya ce mu tuna ɗakin girki: wuta na ci, hayaƙi na yin sama, iskar waje na kutsowa ta ƙofa. Haka rana ke gasa hamada a bazara, iskar can ta yi sama, sai iskar teku mai ɗauke da laima ta taso daga kudu don ta cike gurbin. A kanmu suke haɗuwa da ta arewa, suna ture juna, yau wannan ta rinjaya, gobe waccan. Guguwar gonarmu ma, in ji shi, ƙanwar wannan ce. Da na koma gida na kwashe duka na gaya wa Baba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ashe daga teku take. Dole ta huta a hanya." Rabon da na ga murmushinsa an kwana biyu.

Sai ga Kawu Lawal, ƙanen Baba, direban babbar mota mai kai kaya kudu ya dawo ya wuce Maraɗi. Ko salla bai yi ba maza suka kewaye shi a bakin titi, kowa na tambayar ina ya baro ruwa. Ya dubi Baba ya ce, "Yaya, a Funtuwa na baro shi, ciyawa har bakin kwalta. Yana tahe, tahiyar tsoho dai yake yi."

Ruwan ya iso kuwa, ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci. Gabas ta haɗe baƙi ƙirin, gari ya yi tsit, sannan wata iska mai sanyi ta rugo, ta kayar mana da danga, ta yaye kwanon ɗakin girki. Inna na ta kiran mu shiga ɗaki, Baba kuwa na tsaye a tsakar gida da rigar masallaci, ruwa na zuba a kansa, yana ta alhamdu lillahi. Bayan 'yan kwanaki gefen kwarin gonar ya tsiro lif. Na tudu kam ya mutu tun a yayyafin nan, sai da Kawu ya dawo daga Maraɗi da irin da muka cike gurbin da shi. Ba mu cika rumbu ba, amma mun ga wata kakar ba tare da mun kwana da yunwa ba.

Yanzu a Katsina nake zaune, gidaje sun tare kowace kusurwa, ban cika sanin ta inda iska ke zuwa ba. Baba ya rasu, gonar ma ba kullum ake iya zuwa ba saboda halin da yankinmu ya shiga. Kwanaki ɗiyata ta nuna mini taswirar iskokin duniya da ta zana, kibiyoyinta tsaf, ta ci maki mai kyau. Ba ta taɓa jiran iskar da tuwon gidansu ya rataya a kanta ba. Ina yi mata murna, ina kuma ɗan tausaya mata.