Zaman Desmond Purvis Gaban Kwamiti

Shekara talatin da ɗaya Desmond Purvis ya yi yana gyaran kifi a bakin tekun North Shields da ke Ingila, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ya tashi, amma hannun hagu bai dawo ba, ƙafar ma sai ja. Da ya nemi tallafin naƙasassu, aka aiko masa takarda cewa bai samu maki ko ɗaya ba, don haka babu tallafi.

"Maki kuma?" ya tambayi matarsa Noreen. "Jarrabawa na zauna ban sani ba?"

"Kai ka jawo. Matar da ta zo duba ka ta ce yaya jiki, ka ce garau."

Suka ɗaukaka ƙara. Saura mako biyu a yi zaman kwamiti, suka je wurin Hilary, mai ba da shawara kyauta a unguwarsu. Ta baje takardu, duk a kansa. Wani shafi ya ce ba ya riƙe sanda, wani ya ce da sanda ya buɗe ƙofa.

"Malam Purvis, kana iya tafiyar mita hamsin?"

"Zuwa ina?"

"Ko'ina."

"In akwai benci a hanya."

"Wato ba ka iyawa."

"Ai ina isa."

Hilary ta ce ya riƙa rubuta abin da ya gagare shi kullum. Ran farko ya rubuta cewa an yi ruwa. Noreen ta ƙwace biron, ta rubuta wanka, da ɗaurin takalmi, da faɗuwarsa biyu a banɗaki. Desmond ya karanta. Shi a zatonsa ba ta san da faɗuwa ta biyu ba.

Ranar zama ya sa kwat, sannan ya shiga damuwa ko za a ce ya yi kama da mai lafiya. Mutum uku ya tarar a kwamitin: alƙaliya, likita, da wata mai keken guragu. Likitan ya tambayi wanda ya ɓalla masa maɓallan riga. Desmond ya dubi Noreen da ke zaune a gefensa.

"Ita," ya ce.

Suka amince masa tallafin hidimar yau da kullum, suka hana na zirga-zirga. A tashar bas ya juya takardar hukuncin gaba da baya.

"Noreen, hannun da ƙafar ba rana ɗaya suka shanye ba?"

"Rana ɗaya."

"To mun ci ne, ko an cinye mu?"

Ta ce za su tambayi Hilary ran Litinin.