Ƙuri'ar Gyaran Titinmu

Titin da ya taso daga babbar hanya zuwa ƙofar benenmu a unguwar Bukit Jalil, a ƙasar waje inda muke zaune, ba na hukumar birni ba ne, na masu gidajen ne. Ban san haka ba sai shekarar da ya fara zaftarewa. Da la'asar ruwa zai sauko kamar da bakin ƙwarya, kwalta ta yi ta ɓarewa, har rami ya buɗe daidai kwanar shiga. Direbobin haya suka daina shigowa. Matata, da tsohon cikinta, sai ta taka har bakin hanya riƙe da laima duk ranar awo.

Kwamitin benen ya kawo shawarar a ci bashin banki a sake titin gaba ɗaya, masu gidaje su riƙa biya a hankali. Amma sai an yi ƙuri'a, ɗan haya irina kuwa ba shi da ita.

Matar da muke haya a wajenta tsohuwar malamar makaranta ce 'yar asalin Sin, muna ce mata Anti. A wani gari take zaune, ga ciwon gwiwa. Ta kira ni ta ce in wakilce ta.

"Ka ce musu a'a," in ji ta. "Da kuɗin hayar nan nake sayen magani. Na tsufa da ɗaukar bashi. Boleh?"

Na ce boleh, wato "zai yiwu" a yaren ƙasar, don ban san yadda zan ƙi ba.

Da na gaya wa matata, sai ta ajiye ludayi.

"Abban yara, ita ba ta bin titin nan. Wa zai gaya mata abin da ka zaɓa?"

"Amana ta ba ni."

"Ni kuma fa?"



Ranar Asabar aka taru a zauren ƙasa. Na zauna kusa da maƙwabcina, wani injiniya mutumin Jos da ya mallaki nasa gidan, wanda ya yi makonni yana bin ƙofa ƙofa yana neman goyon baya. Tun kafin a fara aka ɗau zafi. Wani dattijo ya miƙe ya ce baƙi 'yan haya da motocin da suke kira ne suka cinye titin, me zai sa shi ya biya. Idanu suka juyo kanmu. Injiniyan ya dafa gwiwata.

"Ƙyale shi, Malam. Hannunka kawai nake buƙata."

Na fita baranda na sake kiran Anti. Na gaya mata ramin, na gaya mata cikin matata. 

"Na ji tausayinku," ta ce. "Amma a'a lah." Da lah ɗin nan suke ƙarfafa magana.

Da na dawo na nemi izinin magana. Na ce ni kaina ina son gyaran, amma ƙuri'ar da ke hannuna ba tawa ba ce. Shugaban taron ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Injiniyan ya ɗaga nasa yana kallona. Nawa na kan cinya. Da aka kira masu adawa na ɗaga, ni da dattijon nan a sahu ɗaya.

Shawarar ta faɗi da ƙaramin rinjaye. Ban tsaya jin adadin ba.

Injiniyan ya daɗe yana gaishe ni da kai kawai. Matata kuwa ta zubo mini abinci ranar ta shige ɗaki abinta. Da naƙuda ta taso mata wata safiya ana yayyafi, injiniyan na ƙwanƙwasa wa ƙofa. Bai tambaye ni komai ba, ya ɗauko makullin motarsa. Ya bi gefen ramin a hankali, taya na gurzar kwalbati, ni ina baya ina riƙe da ita.

A asibiti, muna jira a kan benci, ya ce zai sake kai maganar taro na gaba, a gyara kwanar kaɗai tukuna. Ya tambaye ni ko zan ba shi lambar Anti. Na ce sai na tambaye ta.