Shafin da Ya Mai da Matar Yayana Baƙuwa

Yau shekara shida ke nan da rasuwar yayana Bala, Allah Ya jiƙansa, kuma ban taɓa jin zafin rashinsa kamar bana ba.

Shi ya fara yi wa ƙungiyar manoman shinkafar yankinmu shafin intanet na rajistar iri da taki. Shafin ba shi da wani kyau, mu ma mun sha yi masa tsiya a kai. Tambayoyi kaɗan ne, da manyan baƙaƙe, da Hausa. Amma duk abin da ya ƙara, sai ya hau babur zuwa kasuwar Lolo, ya miƙa wa mai kifi ko mai gishiri tsohuwar wayarsa, ya naɗe hannu yana kallo. Idan mutum ya rikice, Bala ba ya nuna masa inda zai taɓa, komawa yake yi ya gyara.

Bayan rasuwarsa aka ba wani kamfanin birni aikin. Yanzu hotuna ke ta shawagi, sai ka ƙosa kafin shafin ya buɗe. Abin da ya fi ƙona mini rai, sun sa shafin ya ƙi karɓar duk wanda ya shigo da layin wata ƙasa. Haba jama'a! Wane ne bai san a ƙauyukanmu na bakin iyaka layin wayar ƙasar Benin ne kaɗai ke kamawa ba? Su ba su sani ba, don ba su taɓa tako ƙafa nan ba.

Hadiza, matar da Bala ya bari da 'ya'ya huɗu, ambaliya ta cinye mata gona bara, har irin da ta ajiye. Kwana uku tana cike rajistar, sai ta kai ƙarshe shafin ya kore ta. Ta kira ni ta ce, "Ƙanena, wai ni ba 'yar ƙasag ga ba ce. To 'yar ina ce ni?" Na ɗauke ta zuwa ofishin ƙungiyar a garin Bagudo, muka tarar an rufe rajista.

Da Bala na raye ba zai yi faɗa ba, ni ne mai faɗan gidanmu. Zai tambayi mutanen kamfanin ne kawai ko sun taɓa zama kusa da manomi ɗaya yana cikewa.

Sun goge aikinsa kaf. Abin da ya rage shi ne manoman da suka san an taɓa yin abu dominsu, shi ya sa wulaƙancin yau yake musu ciwo. Damina ta sauka, maƙwabta sun yi shuka, gonar marayun Bala kuwa ciyawa ce ke tsirowa a cikinta.