Warin Batson Inna Barira

Kakata ce ta ba ni labarin Barira mai batso, ita kuma a bakin tata kakar ta ji shi. A Maijirgi Barira ta yi zamanta, tun Nasara ba su iso ƙasar Tasawa ba, lokacin da ayarin gishiri ke ratsa garin da raƙuma. Sana'arta daddawar batso. Takan dafa gurguzu, wato ƴaƴan yakuwa, ta daka da ruwan toka, ta rufe a tukwane sai ya ruɓa, sannan ta dunƙula ta shanya. Har daga Kanan-Bakashe ake aiko saye. Warin kuwa ya kama zanenta da gashinta, har akan ce kafin kunne ya ji sallamar Barira hanci ya riga ya amsa.

Ta yi aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin kuma ya rasu ya bar ta a gidan. Ƙanwarta Zara'u ce ta yi ta haihuwa. Da aka yaye Furera, ɗiyar farin Zara'u, sai aka kai wa Barira riƙo. Ita ta goye ta, ita ta koya mata daka da kaɗi, ita ta yi mata kayan ɗaki ta aurar da ita ga Namadi, wani manomi a can ƙarshen gari. Zara'u kuwa tana kunyar ɗiyar fari kamar kowace uwa a lokacin. Ba ta faɗin sunanta, ba ta yi mata magana kai tsaye. In ta kama dole sai ta ce, “Yaya, ɗiyarki.” Wannan kalma tana yi wa Barira daɗi fiye da zuma.

Bayan auren, kullum da hantsi Furera kan zo ta taya ta aiki. Amma da aka gama yankan gero sai ta ɗauke ƙafa. Ranar da ta zo, a bakin ƙofa ta tsaya, ta rufe hanci da gefen zane.

“Inna, ina kwana?”

“Shigo mana. Yau kuma daga waje ake gaishe ni?”

Furera ta yi taku biyu, ta juya da sauri, ta tofar da yawu a gindin danga, ta tafi ba sallama. Barira ta tsaya da muciya a hannu tana kallon yawun. A ƙofar gidanta, kuma daga bakin yarinyar da ta girma a cikin warin nan.

Ba a daɗe ba mata suka gaya mata a bakin rijiya cewa Furera a gidan Zara'u take wuni. Barira ta ajiye tulu ta bi ta bayan gidan, ta leƙa ta kafar danga. Ga Furera kwance a tabarma ƙarƙashin itacen kurna, tana barci da rana tsaka, ta rame, leɓenta ya bushe. Zara'u ta fito da ƙwaryar kunun tsamiya ta ajiye kusa da tabarmar ba tare da ta dube ta ba, sannan ta juya ga akuyar da ke ɗaure a turke.

“Ke akuyar nan, ba ki jin magana. Kaɗan-kaɗan ake ci, in an jima a ƙara. Da safe kuma kada ki zabura ki miƙe, ki fara tauna ɗan ƙanzo tukuna. Ki sha ruwa ko ba ki so. Tulun nan babba ki bar wa mai gidanki, ai ba karyewa ya yi ba.”

Furera ta buɗe ido, ta jawo ƙwaryar ta kurɓa. Barira ba ta tsaya tunanin abin da ya sa ake yi wa akuya wa'azi ba. Abin da ta gani kawai, yarinyarta na shan kunun wata. Ta koma gida tana magana ita kaɗai. Wato da ciwo ya zo, sai aka tuna da wadda ta haifa. Ita da ta yi jinyar ƙyanda da tarin shiƙa an bar ta da tukwane. Kuma wace irin jinya ce wannan, kunu tsararo? Mai amai da kasala da ƙin abinci ai datti ne a cikinsa, wanke shi ake yi.

Washegari ta debo ganyen filasko ta dafa shi ya yi baƙi, irin wanda in ƙato ya sha sai ya wuni a bayan gari. Ta juye a ƙoƙo ta nufi gidan Zara'u.

“Salamu alaikum. Na zo duba ɗiyata, tunda ba a ga dama an aiko mini ba.”

“Maraba, Yaya. Ga tabarma.”

“Ba zama ya kawo ni ba. Furera, tashi ki shanye wanga.”

Tun da Barira ta shigo Furera ke riƙe numfashi. Amma ba ta taɓa ƙin abin da Inna ta ba ta ba, kuma abin da ke damunta ba abin da yarinya ke faɗa da bakinta ba ne, balle na fari. Ta karɓi ƙoƙon da hannu biyu.

“Mi ne ne a ciki, Yaya?” in ji Zara'u.

“Filasko. Ko shi ma sai na nemi izininki?”

Zara'u ta dubi akuya. “Ke akuya, ba kowane ruwa ake sha ba.”

“Ki bar akuyar nan ta huta! Ni za ki yi wa habaici? Kin ba ni ita tana majina, yanzu ta zama mutum kina jan ta da kunu. Sha, Furera.”

Ƙoƙon ya kai leɓe. Zara'u ta yi tsalle ɗaya ta kaɓe shi, maganin ya watse a ƙasa, ta kuma riƙe wuyan hannun yarinyar, abin da ba ta yi ba tun ranar yaye.

“Yaya, don Allah. Ɗiyarki ba ita kaɗai ba ce. Wanga magani yana iya tahiya da abin da ke jikinta.”

Furera ta rufe fuska ta shige ɗaki. Barira ta daɗe tana kallon inda ƙasa ta shanye maganin.

“Ita ta gaya miki?”

“Ina za ta iya? Gani na yi. Tofar yawun, barcin, yawan zagawa bayan ɗaki. Ko ƙaurin miya ba ta so. Batsonki ne ke kore ta, ba ke ba. Da cikin ya ƙara ƙwari laulayin zai sake ta, in Allah ya so.”

“Gani kika yi,” in ji Barira. Kakata ta ce wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta san tarin yarinyar daga na sauran yara, ta san takunta, amma wannan abu ɗaya ƙanwarta ta gane shi da kallon gefen ido, ita kuwa an tofa mata shi a ƙofar gida ba ta gane ba.

A ranar ta kwashe tukwanen batso ta kai gidan wata maƙwabciya, ta ce ta huta sai damina. Ta wanke zannuwanta da sabulun salo, ta tsefe kai ta wanke, ta turara ɗakin. Sannan ta koma wurin Zara'u, fuska a ɗaure.

“To, faɗa mini sauran, tunda ke ce malama. Ban da filasko sai mi?”

Zara'u ta faɗa mata. Kada a ba ta jiƙo mai ɗaci ko wane iri. A ba ta kindirmo da zogale da wake in ranta ya karɓa. A bar ta ta yi barcinta, a rage mata daka. In kuwa aka ga jini ko ciwon mara mai tsanani, a kira ungozoma, kada a tsaya kunya.

Barira ta haddace tsaf, ta je ta zazzage wa Namadi a zaurensa kamar ita ta ƙirƙiro, har da zancen tulu. Da cikin ya tsufa, gidanta Furera ta zo goyon ciki, a nan ta haifi Ishaƙu, wanda muke zuriyarsa. Zara'u kan aiko da kunu kullum. Barira kan ɗanɗana a bakin ƙofa, ta ce tsamiyar ta yi yawa, ta juye a tata ƙwaryar, sannan ta kai wa Furera.