Ranar da Baba ya kira sunan ɗansa na fari

Shekara ta biyu ce da aurena, ba a daɗe da sauke tutar Nasara ba, aka tsare maigidana a buro, wato ofishin jandarma, saboda wani bijimi. Bijimin kuwa na mahaifinsa ne. Baba da kansa ya sa aka ɗauko shi daga wurin Bafulatanin da ke yi mana kiwo a gefen Gangara, ya ce a kai kasuwar Gazawa a sayar. Ashe a makon an sace wani mai irin launinsa daga can ƙetaren iyaka, ana ta cigiya. Maigidan yana shiga kara aka riƙe igiya, aka riƙe shi.

Da labari ya iso, na dama fura na bi Baba a baya. Mun yi tafiyar nan ba wanda ya ce wa wani uffan, don tsakanina da surukina sai gaisuwa daga nesa. Abin da ke cina a rai shi ne an ce duk wanda aka rubuta wa takardar sata, mota ce za ta kwashe shi zuwa gidan kaso, kuma mu a garinmu ba mu taɓa ganin wanda ya tafi ya dawo da wuri ba.

Maigidana ɗan fari ne. Baba kuwa mutumin da ne, kunyar ɗan fari a wurinsa ba wasa ba ce. Bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya cin abinci da shi, in dole ta kama sai ya ce "kai, wannan". Ni ma da ke ba da labarin ba na faɗin sunan miji, har yau da furfura. To ka ga mutum biyu sun taso ceton mutum, kuma ba mai iya faɗin ko wane ne.

Shugaban buron Bature ne, cikin waɗanda ba su gama tattara kayansu ba, yana da tafinta. Aka shigar da Baba, ni ina bakin ƙofa da ƙwaryata ina jin komai. Aka tambaye shi bijimin na wa. Ya ce nasa ne, har ya faɗi tsagar kunnensa. Sai aka nuna maigidan da ke durƙushe a gefe, aka ce wannan ɗansa ne? Baba ya dubi ƙasa, ya ce, "Yaron mutane ne." Aka ce ina sunansa? Ya ce, "Ku tambaye shi, ai yana da baki."

Ni ban ji komai a ciki ba, haka kowane dattijo zai ce. Tafinta ya juya maganar yadda ta fito, Bature ya buga a takarda, aka sallame mu. Muka kwana gidan wata gwaggona, Baba har yana cewa gobe da safe za a ba mu mutum da dabba.

Da safe aka sake kiran mu. An kawo takarda da tawada, maigidan zai dangwala yatsa. A da, in ji mutane, dangwalawa kawai kake yi, abin da ke ciki sai ka ji a jikinka. Amma akwai wani jandarma matashi, Bagobiri daga wajen Tibiri, wanda bai daɗe da gama lakol ba, wato makarantar boko. Ya ɗora hannu a kan takardar, ya yi wa Baturen magana da Faransanci, suka ɗan ja. Daga baya na ji cewa abin da ya ce shi ne yanzu ba a sa mutum ya dangwala sai an karanta masa da harshen da yake ji. Bature ya ɗaga kafaɗa.

Jandarman ya karanta da Hausa, a hankali. An samu mai bijimi, ya shaida dabbarsa ce. Ya shaida kuma cewa wanda aka kama da ita ba ɗansa ba ne, bai ma san sunansa ba. Don haka sata ta tabbata.

Wato bakin Baba ne ya ɗaure ɗansa, ba na kowa ba. Jandarman ya ajiye takardar, ya durƙusa gaban tsohon kamar ɗan gida.

"Baba, na san kunya ta, mu ma haka muka taras gida. Amma takarda ba ta san kunya ba. Wanga ɗanka na, ko ba ɗanka ba?"

Baba ya ƙura wa ƙasa ido. Wallahi a raina na yi masa rashin kunyar da ban taɓa yi wa kowa ba, na ce tsohon nan ka yi magana mana, kunya ce za ta nome maka gona bana? A fili kuwa ko tari ban yi ba.

"Ɗana ne," ya ce. "Shi na fara haihuwa. Ni na ba shi san ya kawo kasuwa."

"Sunan shi hwa, Baba? Sai ya hito bakinka."

Sai Baba ya ɗaga kai ya faɗi sunan, cikakke, kamar ranar suna. Maigidan, ƙato mai shekara talatin, ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka. Ban taɓa jin sanyi a zuciya irin na lokacin ba. Aka yage takardar farko, aka buga wata, aka karanta mana ita ma, sannan ya dangwala.

Kasuwa ta riga ta watse tun jiya, don haka da bijiminmu muka koma. Baba a gaba, maigidan da igiya, ni a baya da ƙwaryar da ba wanda ya sha. Mun kusa gari dabbar ta tsaya tana cin ciyawar bakin hanya. Baba ko waiwayowa bai yi ba.

"Kai, wannan, ja shi mu tafi."

Maigidan ya dube ni yana murmushi, idonsa har yanzu ja. Baba ya yi shekara goma sha wani abu a duniya bayan nan, bai sake faɗin sunan ba ko da kuskure. Ranar da aka dawo daga binne shi, maigidan ya zauna a ƙofar ɗakina ya ce da ni, "Ni dai na ji sau ɗaya, kuma ke shaida ce."