Kwalaben Malam Tsugunau

Malam Tsugunau ɗalibai suka raɗa masa, don kusan kullum a tsugune za ka same shi bayan ajujuwa yana ɗaga duwatsu. Kimiyya yake koyarwa, amma abin da ya tafi da ransa shi ne gizo-gizon ƙasa, irin wanda ba ya saƙa tarko, sai dai ya bi ƙwaro a guje ya cafke. Yakan nuna wa yara uwar tana jan ƙunshin ƙwanta, in sun ƙyanƙyashe ta goya su duka a baya. Da jerin idanu yake gane danginsu: huɗu ƙanana a ƙasa, biyu manya a tsakiya, biyu a sama. A kwalabe yake tara su: masu haƙa rami kwalabensu daban, masu yawo daban, kowanne a jiƙe cikin sifirit, da sunansa manne a jiki.

Marigayiya matarsa takan ce, "Mutane na tara awaki, kai kana tara abin da tsintsiya ke kora."

Bayan ya yi ritaya, ciwon suga ya taɓa masa ido. Gani ya yi ta ja baya har ya zuba ruwan zafi a ƙafarsa. Ranar 'yarsa ta ce, "Baba, ka dawo wurinmu. Sai dai maigidan ya ce ban da kwalaben, saboda yara."

Ya je tsohuwar makarantarsa ko za su karɓa. Sabon shugaban ya ce, "Wallahi Malam, ɗakin gwajin ma aji muka mai da shi." Bayan ajujuwan kuwa an malale da siminti. A jami'a aka yi ta ce masa ya dawo, har ƙafa ta gaji. Ƙarshe wani maƙwabci mai walda ya ba shi lungu a shagonsa.

Da damina ta wuce, ya sa 'yar ta kai shi shagon. Ashe rufin na yoyo. Takardun sunayen sun saɓule, murafe sun yi tsatsa, sifirit ya bi iska. Ya buɗe kwalba ɗaya ya juye a tafin hannu, abin ya marmashe kamar ƙaiƙayi.

"Wanne ne wannan, Baba?"

Ya daɗe yana shafawa. "Ban sani ba."

Mai walda ya sosa ƙeya. "Malam, in babu damuwa, kwalaben za su yi mini amfani. Ba ni da wurin zuba ƙusoshi."

"Ɗauka," in ji shi. Ya kakkaɓe hannu, ya laluba kafaɗar 'yarsa suka fita.